Kanwa Ba Ta Mayar Wa Doki Abin Da Ya Zubar A Gumi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana masu dawaki a nan Jos, musamman matasan da suka fara sha'awar sukuwar dogon zango, irin wadda a ƙasashen Larabawa da Turai takan kai kilomita 160 a yini guda.

Dokin da ke wannan gudu cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a sa'a ɗaya, kuma guminsa ya fi jininsa gishiri, don haka gishirin jininsa ba ya ƙaruwa yadda zai sa shi jin ƙishirwa, shi ya sa sau da yawa jikinsa zai bushe, amma a kai shi bakin ruwa ya kau da kai. Sinadaran da ke bin gumin su ne kulorayid da sodiyam, sannan potasiyam da ɗan kalsiyam. Mu kuma sanyin Filato kan ruɗe mu, domin iskar hunturu tana busar da gumin kafin ido ya gan shi.

Inda nake da ja shi ne batun kanwa. Mun gaji jiƙa wa doki ita a dusa, ba kuma na raina wannan gado, amma sunan fotash da 'yan boko ke kiranta da shi ya sa wasu suna zaton potasiyam ce, alhali mafi yawanta sodiyam kabonet ne. Dokin da ya yi doguwar tafiya, tsamin jininsa ya riga ya ragu saboda kulorayid ɗin da ya zubar, kanwa kuwa ƙara rage tsamin take yi, har a kai ga halin da kwiɓinsa ke zillo daidai da bugun zuciyarsa.

Potasiyam yana nan a wadace cikin ciyawa da harawa, dawa da gero ne suke da ƙarancinsa, don haka mai cika wa dokinsa hatsi yana tauye masa ciyawa shi ne ke cikin haɗari. Gishirin miya na yau da kullum yana biyan buƙatar sodiyam da kulorayid. Ranar sukuwa, a nemi likitan dabbobi ya auna haɗin gishirin da ya dace, a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, a ajiye bokitin ruwa zalla a gefe, kuma kada a ɗura haɗin gishirin ga dokin da ya ƙi shan ruwa, domin gishirin zai janyo sauran ruwan jikinsa zuwa hanji.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki, Jos