Teku ba kogi ba ne: jan hankali ga masu fita fatsar nishaɗi da ƙaramin jirgi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankali kan wani nishaɗi da hotunansa suka cika intanet: mutum biyu ko uku su shiga ƙaramin jirgi mai inji, su fita 'yan kilomitoci daga gaɓar teku, su jefa fatsa, su dawo da ƙaton kifi ana ta murmushi. Abin da ban sha'awa, babu musu. Sai dai hoton ba ya nuna abin da ya sa suka dawo lafiya. Shi ya sa sabon shiga kan tattara hankalinsa kan sanda da ƙugiya, ya bar jirgin da ruwan da zai hau sai yadda hali ya yi, alhali kuwa kifin shi ne na ƙarshe a lissafi.

Wanda ya saba da kogi ya san ruwa mai gangara gefe guda. Teku kuwa cikowa yake yana janyewa. A yawancin gaɓoɓin duniya yakan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka lokacin cikarsa na gobe zai yi jinkirin kusan minti 50 a kan na yau. Wata ne ke jan ragamar abin. A wajajen tsayuwar sabon wata, da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida, ruwa kan cika sosai ya kuma janye sosai, gudunsa ya yi ƙarfi. A wajajen bakwai ko takwas ga wata, da ashirin da biyu ko da uku, sai ya yi sanyi. Kuma ba daidai-wa-daida yake hawa ba. Idan bambancin cika da janyewa mita 3 ne, a awa ta farko zai hau kamar santimita 25, ta biyu 50, ta uku da ta huɗu 75 kowace, ta biyar 50, ta shida 25. Wato rabin ruwan a awa biyun tsakiya yake motsawa. Mashigar da ka bi da safe lafiya lau, kana iya dawowa da rana ka tarar da ita tudun yashi. Jadawalin cikowar teku na kowace tashar jiragen ruwa yana nan a buge; a duba shi kafin a duba komai.

Sai iska. Da ta kai gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa za ka fara ganin farar kumfa jefi-jefi a kan raƙuman ruwa. In ta kai 20 zuwa 28, jirgi buɗaɗɗe mai tsawon mita 4 ko 5 ya fara shan wuya, sabon shiga kuma ba shi da abin nema a waje. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abu biyu ke yaudarar mutane a nan. Na farko, iskar da ke tasowa daga tudu zuwa teku: bakin gaɓa zai kwanta luf kamar tabarma, amma da ka yi nisa sai ka tarar da raƙuman sun girma, kuma in inji ya mutu, can ciki za ta ƙara tura ka. Na biyu, idan iska da gudun ruwa suka fuskanci juna, raƙuman kan gajarce su miƙe tsaye, suna zuwa a kusa da juna, har jirgi bai gama sauka daga wannan ba wancan ya dake shi. Iskar da ba ta dame ka da hantsi ba tana iya zama bala'i da la'asar, don kawai ruwa ya juya.

Mafi munin wurin da hakan ke faruwa shi ne bakin kogi, inda yake shiga teku ya tara tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Lokacin janyewa, ruwan kogi da na teku suna tururuwar fita, raƙuma kuma suna shigowa, su haɗu a wuri marar zurfi su fashe. A tsallaka irin wannan wuri yayin da ruwa ke cikowa, kusa da cikarsa. Kafin a shiga a tsaya daga nesa a ƙirga raƙuman na minti goma, domin sukan zo rukuni-rukuni, manya a jere sannan ƙanana. In an riga an shiga, ba a juyawa a tsakiya. Ba wa raƙumi gefen jirgi shi ne kifewa. Wajen dawowa a bi bayan raƙumi guda, a daidaita gudu da nasa, kada a wuce shi, kada kuma na baya ya cim maka.

Jirgin kansa, ƙananan abubuwa ne ke kayar da shi. Akwai ɗan rami a bayansa da ake buɗewa don tsiyaye ruwa in an fito da shi tudu. Mantawa da toshe shi kuskure ne da har tsofaffin hannu ke yi, don haka a taɓa murfin da hannu kafin a tura jirgi, kada a dogara da cewa wai wane ya rufe. Mutane ba sa ɗaukar ruwan da ke cikin jirgi da muhimmanci sai an yi musu lissafi. Ƙasan jirgi mai tsawon mita 4 da faɗin mita ɗaya da rabi, in ruwa ya kwanta a kai santimita 10 kacal, lita 600 ke nan, nauyin da ya zarce kilo 600. Kuma ba nauyi ne mai zama wuri guda ba: duk gefen da jirgi ya karkata, can zai kwarara ya ƙara danne shi. Ko da akwai famfon batir, a ɗaure bokiti da igiya a ciki. Kada a wuce yawan mutane da nauyin da maƙerin jirgi ya rubuta a jikinsa, kuma in kifi ya kama, kada kowa ya ruga gefe guda kallo.

Fetur a kasa shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Dawowa gaba da iska tana shan mai fiye da fita. In injin irin mai cin fetur gauraye da baƙin mai ne, yawancinsu 50 da 1 ake haɗawa, wato mililita 100 na man a lita 5 ta fetur, amma a bi abin da littafin injin ya ce. Injin da ya tashi lafiya ya mutu bayan 'yan mintoci, kafin a fara kwance fulogi a duba ɗan mashaƙar iska da ke kan murfin tanki. In a rufe yake, mai ba zai sauko ba. Da an tayar da inji a kalli siririn ruwan da yake fesowa ta baya. In babu shi, a kashe nan take: ko dai leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa, ko ɗan farfelan roba na famfon sanyaya inji ya lalace, kuma 'yan mintoci sun isa injin ya ƙone. Wani abin da masu fatsa ke jawo wa kansu shi ne zaren da ya naɗe a bayan farfela. Yakan ci robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari-fari kamar madara. A riƙa cire farfela lokaci-lokaci ana dubawa. Bayan kowace fita a wanke cikin inji da ruwan daɗi, don gishiri ba ya barin ƙarfe.

Jar igiyar nan da ke maƙale a makunnin inji, a ɗaura ta a ƙafa ko a jikin rigar ceto. Aikinta shi ne kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa. In ba a ɗaura ba, jirgin kan ci gaba da zagaye shi kaɗai, ya dawo ta kan wanda ya faɗa da farfela tana juyawa. Ita ma rigar ceto a jiki take aiki, ba a ƙarƙashin benci ba. Lambar da ke jikin rigar tana nuna ƙarfinta na ɗaga mutum a ruwa: mai lamba 150 an yi ta ne don ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa. A ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba rigar kan zame ta haye kai.

Maganar anga, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, tana bukatar a tsaya a kanta, domin ita ce birkin jirgi in inji ya ƙi. Anga ba da nauyinta take riƙewa ba, da kwanciya take yi, haƙoranta su nutse cikin yashi. Don haka ake sa sarƙa tsakaninta da igiya, aƙalla mita 3 zuwa 5, in so samu ne tsawon jirgin, sannan a saki igiya ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin. A zurfin mita 10, igiya mita 50 zuwa 70 ke nan, kuma da zurfin lokacin cikar ruwa ake lissafi. A sauke ta a hankali jirgi na ja da baya. Wanda ya cilla ta dunƙule, sarƙa kan harɗe haƙoran ta ƙi kamawa. A ɗaure ta a goshin jirgi kaɗai. Bayan ƙaramin jirgi shi ne mafi ƙasa, ga nauyin inji. In aka ɗaure anga a nan, gudun ruwa zai danne shi raƙuma su shigo ta sama. In ta maƙale a dutse, kada a mayar da igiyar baya a ja da ƙarfin inji. A gwada zagayawa ta ɗaya gefen. In ta ƙi, a ɗaura wa igiyar jarka a sake ta, a koma ɗauka wata rana. Wuƙa mai kaifi ta kasance kusa da hannu.

Kada a kafa anga a hanyar manyan jiragen ruwa. Dokokin ƙasa da ƙasa na hana karo a teku, na 1972, sun ce jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban jirgi hanya a ƙunƙuntar mashiga. Wasu na zaton tunda suna kamun kifi dole a kauce musu. Alfarmar nan ta masu raga ce da makamantansu waɗanda kayan aikinsu ke hana su juyawa, ba ta mai sanda da zare ba. Babban jirgi mai gudun kilomita 37 a awa yana cinye kusan kilomita biyu cikin minti uku, kuma ba ya tsayawa nan kusa.

Kayan fatsa kuwa ba su bukatar dogon bayani. Sanda mai tsawon mita 2 ko ɗan fiye, da manaɗin zare wanda aka yi don ruwan gishiri, sun wadatar. Zaren saƙa siriri ne kuma ba ya miƙewa, don haka za ka ji taɓin kifi a zurfi, dalma kaɗan kuma ta isa ta kai ƙasa. Aibinsa dutse na yanke shi, sai a ƙulla masa zaren roba mai kauri mita ɗaya ko biyu a ƙarshe. Kifi mai haƙora irin barakuda sai da guntuwar waya. Dalma daga giram 60 zuwa 250, gwargwadon zurfi da gudun ruwa. A wuri mai duwatsu a ɗaure ta da zaren da bai kai babban zaren ƙarfi ba, don in ta maƙale ita kaɗai za a rasa. A jiƙa ƙulli kafin a ja shi, zafin gogayya na raunana zare. Birkin manaɗi a saita shi a rubu'i zuwa sulusin ƙarfin zare: zaren kilo 10, birki kilo biyu da rabi zuwa uku. In kifi ya ja zare da yawa birkin kan ƙara tsanani da kansa, don haka ƙara ɗaure shi a lokacin shi ke tsinka zare. Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ba a fizgarta. A bar kifi ya tafi da koto a naɗe a hankali, za ta kama shi a gefen baki.

Kifin da aka jawo daga zurfi yakan fito ciki a kumbure, ido a waje. Iskar da ke jakar cikinsa ce ta buɗe: daga mita 10 takan ninka biyu, daga mita 30 ninki huɗu. Abin da ke leƙowa ta bakinsa tumbinsa ne, kada a huda. In za a sake shi, a mayar da shi zurfi da dalma mai nauyi da ƙugiya marar ƙaya, sannan a fizge. Kowace ƙasa tana da dokarta kan lasisi da girman kifin da aka yarda a ɗauka da lokutan hani, a nemi sani tun a tudu. Wanda za a ci kuma a kashe shi nan take, a zubar da jininsa, a nutsa shi cikin ƙanƙara gauraye da ruwan teku. Kifin tuna da danginsa in suka sha zafi sukan tara gubar da dahuwa ba ta kashewa. Talibambam na teku ba a cinsa. Kunamar ruwa da kifaye dangin tarwaɗa masu ƙaya, da filaya ake cire musu ƙugiya; wanda ƙayar ta soka ya tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata ke jurewa, kada ya wuce digiri 45, sannan a nufi asibiti.

Wayar hannu kan rasa sabis a teku, kuma mutum guda take kira. Rediyon VHF kuwa, wato na'urar sadarwar jiragen ruwa, duk jirgin da ke kusa zai ji. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya: a ce "Mayday" sau uku, a faɗi sunan jirgi, da inda ake kamar yadda GPS ya nuna, da abin da ya faru, da yawan mutane. Kafin a fita a gaya wa wani a tudu inda aka nufa, da lokacin dawowa, da wanda zai kira in lokacin ya wuce. In jirgi ya kife, a manne da shi. Yawancin ƙananan jirage ba sa nutsewa gaba ɗaya, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan hango kan mutum a tsakanin raƙuma. Gaɓar da ake gani kamar kusa, gudun ruwa kan hana mai iyo isa gare ta.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu ma'abota fatsar teku