Ka zo a duba kan nan naka

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Sakkwato sai godiya.

Labari ya iske ni cewa tun da ka koma Illela ba ka zauna ba, kullum kana bisa babur tsakanin kasuwa da bakin iyaka. An ce ciwon kai ya dawo, ka hana matarka ta faɗa mana, kuma ran nan kofin shayi ya suɓuce daga hannunka na dama, ka mai da abin wasa. Kada ka tsaya neman wanda ya gaya mini.

Ina zaune likita ya yi maka bayani ranar da aka sallame ka daga asibiti bayan aikin da aka yi maka a kai. Ƙarfen da suka datse wuyan jijiyar da ta kumbura da shi ya tare fashewa, alhamdu lillahi. Amma idan aka buɗe ƙoƙon kai, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya ragu, takan ɗan ja baya, ƙananan jijiyoyin da ke samanta su ɗame. Ɗaya ta tsage, jini ya riƙa tsattsafowa yana taruwa, makonni ko wata biyu mutum yana yawonsa bai sani ba, sai ciwon kai, yawan barci, harshe ya yi nauyi, ɓari ɗaya ya saki. Ya ce ba kasafai ake ganin haka ba. Na ji. 

Ga ka kuma da ƙwayoyin kemis. Asfirin da ibuprofen suna hana jini daskarewa da wuri, wannan ma sai na tuna maka? Kai yaro ne?

Ni na sa hannu aka yi aikin nan, lokacin da baffanninka ke cewa a tsaya ga tofi da rubutu. Gonar fadama ta tafi, ban taɓa da-na-sani ba, kuma ba gori nake maka ba. Amma ba zan zura ido ka yi wasa da ranka saboda cinikin albasa ba.

Ka taho gobe da safe a mota, wani ya raka ka, mu je sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a ɗauki hoton CT, mai nuna cikin kai. Ko an ga jinin, galibi 'yar huda ake yi a zuƙe shi. In ka yi amai ko ka ji jiri cikin dare, kada ka jira gari ya waye.

Innarka ba ta sani ba tukuna. Kuɗin hoton yana hannuna. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka