Wasiƙa Zuwa Kumasi Kan Ranar 15 Ga Janairu

Kaduna, 16 ga Janairu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Zango. Ya kasuwa, ya ɗawainiya? Mu nan sai godiya. Hunturu ne ya sa mu gaba, hazo ya lulluɓe gari, yara duk sun kwana da tari.

Saƙonka ya iso, inda ka ce babban ɗanka ya ga hoton Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, a jikin naira 200 da ka ajiye cikin akwati, ya tambaye ka wane ne shi kuma me ya kashe shi, kai kuwa ka ce ya jira babansa na Kaduna ya rubuto. Jiya ranar ta zagayo, shi ya sa na zauna yau.

Ka tuna Inna, kakata, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa jin kalmar Janairu a bakinta ba. In za ta ba da labarin nan, cewa take yi a goman ƙarshe na azumi ne, cikin dare, ba a kai ga sahur ba suka ji ƙarar da ba su taɓa jin irinta ba, sannan suka hango wuta ta wajen gidan Firimiya. Da na girma na duba, na tarar ba ta yi kuskure ba: Asabar 15 ga Janairun 1966 ta faɗo ne cikin Ramadan na shekarar 1385. Don haka ita ranarta tafiya take yi da wata, duk shekara a wannan goman take toya ƙosai ta raba sadaka. A 1999 lissafin biyu ya sake haɗuwa, ranar ta dawo cikin goman ƙarshe, na gaya mata. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ashe har an yi shekara talatin da uku.

Ga abin da za ka gaya wa yaron. Wasu ƙananan hafsoshi ne, yawancinsu masu muƙamin manjo, suka tashi dare ɗaya a Kaduna da Legas da Ibadan. A nan Kaduna jagoransu Manjo Chukwuma Nzeogwu ne, malami a kwalejin horar da sojoji. Haifaffen garin nan ne, har sunan Kaduna yake amsawa, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya fita da sojoji da sunan atisayen dare da suka kira Damisa, daga can suka wuce gidan Sardauna suka buɗe masa wuta. Suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu, wadda ta ƙi rabuwa da shi. Gidan shi ne Arewa House na yanzu a kan titin Rabah, inda muka riƙa zuwa karatu ni da kai.

A Legas kuma suka ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwana uku kacal kafin nan ya gama karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila, har da Firaministan Ingila Harold Wilson, suna shawara kan Rodeshiya. Sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Duk lokacin da na kai ɗalibai kabarinsa, abin da ke tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar abin da ya bari. Mutumin da ya riƙe ƙasa tun 1957, amma kayansa ba su fi na wani malamin makaranta ba.

Amma don Allah kada ka tsaya a kan waɗannan biyun, nan ne muke yawan gajarta labarin. An kashe Firimiyan Yamma Samuel Akintola a Ibadan, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh a Legas. An kashe Birgediya Samuel Ademulegun a gidansa a nan Kaduna tare da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. A Legas an kashe Kur Mohammed da Abogo Largema da James Pam da Arthur Unegbe, wanda shi Ibo ne. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Birgediya Zakariya Maimalari. Ya tsere daga gidansa cikin duhu, ya hango motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, yaronsa na ofis, ya tsayar da ita yana ganin ya sami ceto. Shi ne ya harbe shi. Ifeajunan nan kuwa shi ne ya ciyo wa Nijeriya zinare a tsalle a Vancouver a 1954, wanda yara suka tashi suna alfahari da shi.

Abin da ya biyo baya ka san shi. Janar Ironsi ya karɓi mulki, a watan Mayu ya kafa doka ta 34 da ta rushe jihohi, ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama, shi ma aka kashe shi. Sai kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwanmu, dubban mutane, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ma ka gaya masa. Inna da kanta, duk da son da take yi wa Gamji, in ta zo nan sai muryarta ta canza, ta ambaci wata maƙwabciyarta mai ɗinki da ta shiga jirgi ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ina jin haushin yadda muke koya wa yara rabin da ya yi mana ciwo, mu haɗiye rabin da hannunmu ke ciki.

Ranar ba ta ƙare a 1966 ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, aka yi wata talatin ana gwabzawa. Ojukwu, jagoran Biyafara da ta ɓalle, ya fice zuwa Kwaddibuwa, ranar 15 ga Janairun 1970 kuma mataimakinsa Philip Effiong ya je barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon. Shekara huɗu cif, rana ɗaya. Shi ya sa Nijeriya ta bar 11 ga Nuwamba ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya zuwa wannan rana. Jiya na ga an saki farar tattabara a talabijin, an ajiye furanni, amma ban ji an karanta sunayen mutanen daren nan ba.

Shi kuwa Nzeogwu an kashe shi a fagen daga kusa da Nsukka a farkon yaƙin, aka kawo gawarsa maƙabartar sojoji ta Kaduna. Ƙasar gari ɗaya ce ta rufe shi da Sardauna. Ina yawan tuna wannan in na bi ta wajen.

Tunda a Gana aka haifi yaron, ka haɗa masa da nasu. Kwana arba'in bayan namu, ranar 24 ga Fabrairun 1966, sojoji suka kifar da Kwame Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Ka kai shi wajen dattawan Zango da suka ga zamanin, ya ji da kunnensa yadda labarin Sardauna ya iso musu, ta rediyo ne ko ta bakin fataken goro. In ya ji, ya rubuto mini da hannunsa, ina son in sani.

Ka gaishe da amarya da yara. Hajiya tana gaishe ka, ta ce goron da ka aiko ya ƙare tun kafin Mauludi. In direbanku zai taso ƙarshen wata, ka sanar da ni in aiko wa yaron hoton gidan da na ɗauka bara.

Wassalam,
Naka amini har kullum