Finafinan laifi sun yi ƙaranci a Kannywood

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in yi tsokaci kan finafinan da ake fitarwa kwanakin nan. Tun da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a 2021, na lura labaran kishi da rabon gado sun mamaye fage, ana jan su mako-mako a YouTube har mai kallo ya ƙosa. A ganina, fim ɗin da ya nuna yadda ɗan sanda yake bin diddigin ɓarawo har gaban alƙali ba zai ɓata tarbiyyar kowa ba. Finafinan faɗa kuwa, har yanzu dambensu bai gamsar da ni ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano