Takardar Koke Kan Yadda Ake Raba Tallafin Ƙungiyoyin Al'umma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Sakataren Majalisa,
Tare da kwafi ga dukkan kansiloli.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne wakilan ƙungiyoyin sa-kai na garin nan: masu koyar da manya karatu da daddare, matan da ke zagaya marayu da tsofaffin da ba su da mai leƙa su, matasan da ke yashe magudanun ruwa, ƙungiyar masu buƙata ta musamman, da masu horar da yara ƙwallo. Babu mai karɓar albashi a cikinmu. Mun san nauyin da ke kan asusun ƙaramar hukuma, mun san albashin ma'aikata da gyaran hanyoyi ba sa barin abu mai yawa. Kokenmu a kan ɗan abin da ake warewa ƙungiyoyi ne, da hanyar da yake bi kafin ya iso hannu.

Ba a sanar da mu lokacin da ake buɗe neman tallafi. Sai an gama rabo a ɗaki mu ji labari a tsakar gida. Ƙungiyar da ke da ɗan'uwa a ofis ko kusanci da kansila ita ke sanin ranar, ita ke kai takarda, sauran kuma a ce musu sun makara. Ba mu zargi kowa da cin kuɗi ba. Amma rabon da aka yi a ɓoye, ko da an yi shi bisa gaskiya, zargi yake haifarwa, kuma zargin ya fara shiga tsakaninmu. Ƙungiyoyin da a da suke aron kujeru da lasifika a wurin juna yanzu kallon hadarin kaji suke yi wa juna.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne lokacin fitar kuɗin. Majalisa kan amince da tallafi a farkon shekarar kasafi, kuɗin kuma ba ya fitowa sai shekara ta zo gangara. Yashe magudana aiki ne na kafin saukar ruwa. Kuɗin da ya zo bayan ruwa ya shiga ɗakunan mutane, me za a yi da shi? Ajin yaƙi da jahilci da aka rufe wata uku saboda babu alli da fitila ba ya dawowa yadda yake. Ɗalibin da ya haura shekara hamsin, da ƙyar aka lallaso shi ya zauna a gaban allo, idan ya tafi ya tafi ke nan. Sannan ga tsarin "ku kashe naku, ku kawo rasit a biya ku". A takarda tsari ne mai kyau, yana hana almundahana. A aikace kuwa, ƙungiyar da ke da kuɗi a ajiye kaɗai ke iya bin sa. Wadda ke rayuwa da karo-karon 'ya'yanta, wadda ita ce ta fi buƙata, ba ta da abin da za ta fara kashewa. Mun ga ma'aji ya ci bashi da sunansa don aikin gari, ya yi watanni yana zirga-zirga tsakanin ofishin kuɗi da mai binsa bashi.

Takardun da ake nema ma sun yi wa ƙananan ƙungiyoyi nauyi. Shaidar rajista, asusun banki da sunan ƙungiya, da rahoton mai binciken kuɗi: sharuɗɗan babban ɗan kwangila ne aka ɗora wa mata goma masu kula da marayu. Wani lokaci ladan mai binciken ya fi tallafin da ake nema. Muna roƙon a raba tallafin gida biyu. Ƙaramin tallafi ya zama da fom mai shafi ɗaya, a ba da rabin kuɗin tun farko, a cika sauran bayan an ga aiki da rasit. Babban tallafi ya ci gaba da tsauraran sharuɗɗansa.

Ɗakin taron ƙaramar hukuma kuma yana kulle mafi yawan kwanakin mako. A ba mu shi wasu ranaku kyauta, mu za mu share.

Ranka ya daɗe, abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun 1989 birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya fara tara mazauna unguwanni su faɗi ayyukan da suka fi damunsu, su zaɓi wakilan da za su bi maganar har cikin kasafi, kuma birane da dama sun kwaikwayi tsarin daga baya. Birni ne mai mutum sama da miliyan ɗaya. Mu da kusan kowa ya san kowa, zama ɗaya a shekara ba zai gagare mu ba.

Mu ma muna da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Akwai ƙungiyoyin da ba su da komai sai hatimi da takarda mai kan wasiƙa, ba a ganinsu sai lokacin rabo. Ba mu rubuto don kare su ba. A turo jami'in ci gaban al'umma ya ga aikin kowa da idonsa, ya duba littafin kuɗinmu. A manna sunan duk ƙungiyar da ta samu tallafi, da adadin da ta samu, da aikin da aka ba ta dominsa, a allon sanarwa na sakatariya, a kuma karanta a zaman majalisa. Wadda ta kasa nuna aiki, kada a sake ba ta.

Muna roƙon a sa mana ranar zama da kai da kwamitin kuɗi kafin a gabatar da daftarin kasafin shekara mai zuwa, a kuma ba mu amsar wannan takarda a rubuce domin mu karanta wa waɗanda suka aiko mu. Sa hannun shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyin yana haɗe da ita.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka masu biyayya,
Wakilan ƙungiyoyin sa-kai na gari.