Ɗana, Ba Kowane Kira Ne Gobara Ba

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya sabon aiki? Mahaifiyarka ta ce da kuka yi waya ka yi ta ƙorafi, wai an ajiye ka a teburin taimako, inda ma'aikata ke kira kan al'amuran kwamfuta, daga mai neman sabuwar kalmar sirri sai mai son a saka masa manhaja, alhali kai manyan na'urori ka so a damƙa maka. Ban ga laifinka ba. A kujerar nan ni ma na fara, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka fara da rarrabe kira iri biyu. Akwai wanda abu ya lalace masa: jiya imel ɗinsa na aiki, yau ya ƙi buɗewa, ko intanet ta ɗauke wa sashe guda. Wannan tangarɗa ce, abin da ake so a wurinka shi ne aiki ya dawo maza-maza, ko da da dabarar wucin gadi. Akwai kuma wanda babu abin da ya lalace masa, abin da aka riga aka tanada yake nema: kwamfuta ga sabon ma'aikaci, izinin shiga wata ma'ajiyar fayiloli, ƙarin wurin ajiya, ko bayani kawai. Wannan ita ce buƙata. Tsarin ITIL, wato jagorar tafiyar da ayyukan kwamfuta a ma'aikatu, wanda gwamnatin Birtaniya ta fara haɗawa a shekarun 1980, bugu na huɗu kuma ya fito a 2019, da gangan ya raba su. Idan ka zuba su a layi ɗaya, mai neman sabon linzamin kwamfuta zai sha gaban wanda aikinsa ya tsaya cak, rahoton wata kuma zai nuna wa shugabanni lalacewar da ba ta faru ba.

Buƙata tana da hanyarta tun kafin a kira ka. Ka buɗe kundin ayyukanku ka karanta shi har ka haddace: me ake bayarwa, wa ya cancanta, wa zai amince, kwana nawa aka yi alkawari. Wanda ya tare ka a baranda ya ce "ɗan duba min", ka amsa masa da fara'a, amma ka buɗe masa tikiti, wato ka rubuta buƙatarsa a manhajar da kuke bibiyar aiki. Abin da ba a rubuta ba mantuwa ce ke cinye shi.

Inda na fi so ka natsu shi ne maganar izini. Wata rana daf da tashi, wani babba a wurin da na yi aiki ya kira ni, muryarsa a sama, ya ce in buɗe wa mataimakinsa ma'ajiyar albashi yanzu-yanzu, amincewa za ta biyo baya. Na ji nauyinsa, na buɗe. Amincewar ba ta taɓa zuwa ba. Da masu bincike suka zo, suka juyo min da allon, ga sunana, ga rana, ga lokaci, gurbin mai amincewa kuwa fayau. Har yau ina tuna yadda bakina ya bushe. Ni na yi sa'a, mutumin na gida ne. A Satumbar 2023, kamfanin otal-otal na MGM a Amurka ya shafe kwanaki cikin ruɗani, rahotanni kuma suka ce masu kutsen teburin taimako suka kira, suka yi shigar ma'aikaci. Don haka duk wanda ya nemi a sauya masa kalmar sirri, ka tantance shi yadda ƙa'ida ta ce, ko da ka san muryarsa, ko da ya yi fushi. Gaggawar da yake nuna maka ma ita ce dalilin ƙara dubawa.

Kada kuma ka rufe tikiti sai mai buƙatar ya tabbatar abin ya same shi. Idan wa'adi zai wuce, kai ka riga shi kira. Buƙatar da ka ga tana maimaituwa kullum, ka kai wa shugabanka shawarar a mayar da ita fom da mutane za su cike da kansu, na'ura ta ƙarasa sauran.

Ka rubuto min wace manhajar tikiti kuke amfani da ita, ServiceNow ko Jira, da kuma wanda ke amincewa da izini idan shugaban sashe ba ya nan. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka