Goron Sallah daga Manchester: PlayStation da faifai uku

Manchester, Ingila
1 ga Shawwal

Assalamu alaikum ƙanena,

Barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ka durƙusa ka gaishe min da Baba da Umma, ka ce ina neman albarkarsu. Ka gaida Yaya da yaranta, da Kawu idan ya shigo gaisuwa. Mun sauko idi lafiya, sai dai nan ba hawa, ba tuwon Sallah daga maƙwabta.

Goron Sallarku yana cikin kwalin da na ba mai zuwa Kano: PlayStation ta farko, hannun gem biyu, katin memori ɗaya, wayoyinta, da wasan Final Fantasy VII, faifai uku a gida ɗaya. Kar ka jona komai sai ka karanta takardar nan har ƙarshe, domin na'urar ta girme ka.

Ka juya ta ka duba ƙarƙashi, za ka ga an rubuta SCPH-7502. Lambar ƙarshen ce mai magana: 0 ta Japan ce, 1 ta Amurka, 2 ta Turai. Da gangan na nemi mai 2. Wutar Ingila da tamu ɗaya ce, bolt 230, filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne, talabijin ɗinsu ma tsarin PAL ne kamar namu. Ta Amurka bolt 120 take ci, ta Japan 100, in aka soka su a soket ɗin gidanmu ba tiransifoma sai dai ka ji ƙauri. Faifan ma haka suke: wanda aka buga wa Amurka ba zai tashi a wannan ba, don haka in za ka ƙara saye, ka duba a ga PAL a jikinsa.

Abokiyar gabarku ita ce wutar NEPA, musamman lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi. Ku bi ta sitabilaiza. In an ɗauke, a zare filogi daga bango, kar a mayar sai wutar ta zauna. In da ƙaramin UPS na kwamfuta ya fi, don na'urar ba ta kai wat 20 ba. Wayar hoto kawuna uku gare ta: rawaya hoto, fari da ja sauti. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da ke ɗakin Umma ita ce daidai da ita, don irinta aka zana wasan, kuma a kanta hoton ya fi laushi. A sabuwa mai faɗi zai fito da kaushi. Baƙin layi sama da ƙasan allo ba lalacewa ba ce, haka bugun Turai yake, yana ma ɗan fin na Amurka jinkirin tafiya.

Na san za ka ce me ya sa ban aiko da ƙwallo ko na dambe ba. A gidajen gem na unguwa kuɗin wasa ɗaya ake biya, a buga minti goma a tashi, shi ya sa ƙwallo da Tekken suka mamaye. Wasan labari kuwa yana cin awa arba'in ko fiye, ba mai shagon da zai bar ka ka zaunar masa da kujera haka, sai yawancinmu ya wuce mu. A nan waɗanda suka taso a shekarun 1990 ba sa gajiya da zancensa. Kamfanin Square ne ya fitar da shi a 1997, bayan ya yi shida na farko a na'urorin Nintendo; ya koma Sony ne saboda faifan CD ya fi kaset ɗin Nintendo 64 ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Ba muryar kowa a ciki, rubutu za ka karanta, ga kiɗan Nobuo Uematsu yana tafe da kai. Ba data, ba talla, ba wanda zai ce ka biya kafin ka wuce. An sake ƙera shi a 2020 don PlayStation 4, ya yi kyau, amma a ganina na da ya fi barin mutum ya yi tunani kafin ya kai sara. Yaran Yaya ma Turancinsu zai ƙaru.

Abu biyu suna ruɗa sabon shiga. Da'ira ce maɓallin amincewa, X na fasawa ne da gudu, saɓanin yawancin wasannin da kuka sani. Sannan wasan bai san sandunan analog ba, sai maɓallan kibiya. In jar fitilar tsakiyar hannun tana kunne, ka kashe ta. A Config, wato wurin saitin wasan, ka mayar da ATB (agogon faɗa) zuwa Wait, don kar a yi ta dukanku kana neman magani a jerin kaya.

Babban abokin faɗa na farko kunama ce ta ƙarfe. Idan ta ɗaga wutsiya ka tsaya, ka yi wa mutanenka magani har ta sauke. Fassarar Turancin wurin ta karkace, kamar cewa take ka kai hari, wanda kuwa ya kai zai sha wuta. Da ta faɗi za a ba ka minti 10 ka fice. A hanya ka tsaya ka ciro Jessie, abokiyar tafiyarka da ƙafarta ta maƙale, in ba haka ba ƙofa ba za ta buɗe ba. Duwatsun materia kuma, waɗanda ake sakawa a makami su ba da sihiri, ka lura da ramukan da ke haɗe a jikin makami: ka sa shuɗin All kusa da koren Restore, magani ɗaya ya game kowa.

Yanzu maganar da ta fi duk sauran, ajiya, wato adana inda ka kai a wasan cikin katin memori. Katin yana da gurbi 15, kowace ajiya ta wasan nan gurbi ɗaya take ci. A cikin gari ko wuraren faɗa ba ka ajiyewa sai a wuraren da aka tanada, kuma Midgar, birnin farko, zai ci maka awanni kafin ka fita fili inda ake ajiyewa ko'ina. Saboda haka duk inda ka ga wurin ajiya ka tsaya, ko da yanzu ka yi. Ka ware wa kanka gurbi uku kana juyawa, kar ka riƙa danne guda ɗaya: in wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake rubutu a katin, wannan ajiyar ta tafi. Kafin ka shiga wurin da ake kira Temple of the Ancients ka bar ajiya guda a waje kar ka taɓa, don Demons Gate, dodon da ke ƙarshensa, ya tsayar da mutane da yawa. Kowane yaro a ba shi gurbinsa a rubuta a takarda, in ba haka ba za a yi kuka. Katin ba batir a cikinsa, ba kamar kaset ɗin Super Nintendo ba, da in batirinsa ya mutu ajiya ta bi shi. Amma ka guji jabun katunan da ake cewa suna ɗaukar ninki huɗu ko takwas, su suka fi cinye ajiya. Katin PlayStation 2 ma ba ya karɓar ajiyar wannan wasan.

In hoton bidiyo ya fara tsalle ko sautin yana sarƙewa, fara da faifan. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. In bai daina ba, ka zare wuta, ka ɗan jiƙa auduga mai tsinke da sipirit, ka shafi idon na'urar mai karanta faifai a hankali, ka bar shi ya bushe. Samfurin farko, SCPH-1002, shi ne ya yi suna wajen wannan ciwo, har masu shi kan kifa shi kafin ya karanta; naku ya fi shi lafiya. Akwai ɗan sukurun ƙara wa idon ƙarfi, kar ka bar mai gyara ya murɗa shi da ka, yana ƙone ido. Lokacin hunturu a rufe ta da zane bayan ta huce, kuma kar a ɗora ta a kan kafet tana aiki.

In an ce ka sa faifai na biyu, ka ajiye tukuna, sannan ka buɗe murfin ba tare da ka kashe ba. Abin da ya faru a ƙarshen faifai na farko kuwa ba zan faɗa ba, kai ma kar ka leƙa intanet.

Turaren Umma da hular Baba suna ƙasan kwalin, a naɗe cikin rigar sanyi. Ka kira ni in kaya sun iso.

Naka,
Yayanka